Kallo Ya Ƙare, Saura Hukunci

Duk wanda ya ratsa unguwar Jekadafari a cikin garin Gombe bayan an idar da sallar lisha, ba zai rasa cin karo da majalisa biyu ko uku ba, wata a gindin teburin mai shayi, wata a ƙofar shagon tela, wata kuwa a kan dakali, inda samari da magidanta suka baje suna ta ka-ce-na-ce. Idan ya dakata ya kasa kunne, sau da yawa zai tarar ba a kan farashin masara a Tudun Hatsi ake wannan musu ba. Fim ne aka kalla daren jiya, kowa yana faɗin albarkacin bakinsa. Wannan ya ce an burge shi, wancan ya ce ɓata lokaci ne, wani dattijo daga gefe ya tsoma baki ya ce, "Kai yaro, ai ba ka ga fim ba tukuna, tun da ba ka ga na zamaninmu ba." Sai a kwashe da dariya, a ƙaro shayi, a ci gaba. A cikin gidaje ma haka abin yake, domin da wuya a tashi daga biki ko suna mata ba su taɓa zancen shirin da ake yayi ba.

Mutane da yawa suna ɗaukar wannan hira tamkar hirar kashe dare, wadda iska ke kwashewa kafin gari ya waye. Alhali kuwa ba haka ba ne. Wannan majalisa kotu ce, kuma hukuncin da aka yanke a cikinta shi ke nuna irin fim ɗin da za a shirya gobe. Abin baƙin ciki shi ne alƙalan kotun ba su san nauyin da ke wuyansu ba, saboda haka sukan bar wanda aka kawo ƙara tsaye, su koma suna shari'ar wanda ba ya cikin magana.

Kafin a zargi kowa, ya kamata a waiwaya a ga inda wannan hali ya samo asali. Dattawan da suka manyanta sun san zamanin majigi, lokacin da motar Gwamnati kan zo gari ta kafa farin ƙyalle a fili, a nuna wa jama'a yadda ake tsabtace rijiya ko yadda ake noman zamani. A cikin irin waɗannan finafinai akwai Baban Larai, wanda aka shirya don jawo hankalin manoma ga noman auduga, abin da ya shafi ƙasar Gombe kai tsaye, tun da auduga na cikin abubuwan da suka ɗaga garin tun kafin jirgin ƙasa ya iso shi a 1963. A wancan zamani ba a tambayar mai kallo ra'ayinsa. Hukuma ke magana, talaka yana saurare, in an gama kowa ya kama hanyar gida.

Sa'an nan aka shiga zamanin gidajen silima. An buɗe silimar Rex a Kano a 1937, wasu suka biyo baya a manyan garuruwan Arewa. Tun farko malamai da iyaye ba su yi na'am da waɗannan gidaje ba, domin wuri ne da maza da mata ke cuɗanya cikin duhu. Ran 13 ga watan Mayu, 1951, gobara ta tashi a silimar El-Duniya a Kano, mutum 331 suka rasa rayukansu, jama'a da yawa kuwa suka ɗauki abin a matsayin ishara. Daga nan zuwa silima ya ƙara zama abin kunya. Yaro kan saci jiki ya tafi, ya dawo ya yi shiru. Magidanci in ya je ba ya so a sani. Watau dai hirar fim ta girma a ɓoye, a tsakanin yara da yara, ba tare da wani babba ya zauna ya ce wannan ya yi daidai, wancan bai yi ba. Wannan gado ne aka ci, har yau kuwa bai saki jama'a ba.

Duk da haka, masu kallon wancan lokaci suna da wani abu da ya kamata a yaba musu. Sun rungumi finafinan Indiya har suka laƙaba wa 'yan wasansu sunaye na Hausa, kamar Dharmendra da ake kira Sarkin Ƙarfi. Amma idan suka zauna musu, labarin suke tattaunawa. Fim ɗin Mother India na 1957 ya daɗe yana yawo a gidajen silimar Arewa, kuma abin da ya riƙe zukatan mutane a cikinsa shi ne matar manomi da mai ba da bashi da ruwa ya tsotse wa jini, wadda daga ƙarshe ta harbe ɗan cikinta da hannunta don kare mutuncin 'yar wani. Shin uwa ta yi daidai? Shin talauci yana wanke laifin ɗa? Tambayoyi ke nan da manomin auduga a Gombe zai iya kwana yana juyawa a ransa, domin ya san bashi, ya kuma san abin da bashi ke yi wa gida.

A 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa a Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo, daga nan fim ya bar gidan silima ya shiga ɗaki. Matan aure da ba su taɓa leƙa silima ba suka zama manyan masu kallo. Finafinai irin su Sangaya da Wasila suka cika kasuwa, sana'ar ta sami suna Kannywood, a 1999 kuma aka fara buga mujallar Fim. Bayan kaset aka yi zamanin faifai, masu satar fasaha suka karya kasuwarsa. A 2014 tashar Arewa24 ta fara aiki, daga baya masu shirya finafinai suka koma sakin shirye-shirye masu dogon zango a YouTube, kamar Izzar So da aka fara a 2020. Yanzu silima tana cikin aljihun kowa, ɗan acaɓa da ɗalibi da mai talla.

Abin lura a nan shi ne yadda kuɗi ke zagayawa a wannan sabon tsari. Mai shirya fim ba ya sayar da kaset ko faifai kamar da. Abin da yake samu ya danganta ne ga yawan waɗanda suka kalla da tallace-tallacen da aka saka a ciki. Mutane kuwa ba sa kallon shiri sai sun ji ana zancensa. Ashe ke nan tela da mai shayi da matar da ta ba maƙwabciyarta labari ta kan katanga su ne masu ɗaukar mai fim aiki, su ne kuma masu sallamarsa. Abin da suka zuzuta shi zai yawaita, abin da suka yi banza da shi ya mutu. Saboda haka ba a kan gaskiya mutum yake ba idan ya ƙona kuɗin data mako-mako a kan shirin da ya san holoƙo ne, ya yaɗa labarinsa a majalisa, sa'an nan ya juyo yana kukan cewa finafinan Hausa sun lalace. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Babban aibin hirar da ake yi a yau shi ne ana barin fim a kama ɗan wasa. Za a shafe sa'a guda ana zancen wace 'yar wasa ce aurenta ya mutu, wane ne ya sayi sabuwar mota, su wa suka yi faɗa, amma ba wanda zai iya faɗin abin da labarin ya ƙunsa. Lokacin da aka sauya mai fitowa a matsayin Sumayya a cikin shirin Labarina, an daɗe ana cece-kuce a kan wadda ta tafi da wadda ta zo, kaɗan ne suka tsaya suka tambaya ko labarin kansa yana tafiya bisa hankali. Wannan ba sharhi ba ne, gulma ce, kuma gulma ba ta taɓa gyara sana'a ba. Banda haka, cin naman mutum laifi ne a addini da al'ada, ko da mutumin ɗan fim ne.

Aibi na biyu shi ne yanke hukunci ba tare da an gani ba. Akan yanko wani ɗan guntu da bai kai minti ɗaya ba daga cikin shirin da ya ɗauki sa'o'i, a tura ta waya, kafin la'asar gari ya ɗauka an tsine wa fim da masu shi. Wataƙila a cikin labarin mugun da aka nuna ya gamu da sakamakon aikinsa daga baya, amma wa ya tsaya ya gani? Hausawa sun ce gani ya kori ji. Alƙalin da ya yanke hukunci da jin bakin mutum ɗaya, kowa ya san sunan da ake kiransa da shi.

Aibi na uku kishiyar wannan ne, watau son da ke hana ganin laifi. Akwai samarin da suka mai da 'yan wasa kamar ƙungiyoyin ƙwallo, kowa da gwaninsa. In gwaninsa ya fito, to fim ya yi kyau ko da labarin ba kai ba gindi, wanda ya ce uffan kuwa ya zama maƙiyi. Irin wannan yabo cutar ɗan wasa yake yi, domin mutumin da ba a taɓa gaya masa kuskurensa ba zai tsufa yana maimaita shi.

Ba shakka masu sukar finafinai suna da hujjarsu, kuma ba daidai ba ne a yi watsi da ita. Uban da ya ga 'yarsa tana kwaikwayon rawa da shigar da ba ta dace ba yana da ikon ya damu. Malamin da ya ga an mai da aure abin wasa a fim yana da ikon ya yi magana. Saboda irin wannan damuwa ce aka kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, kuma a watan Mayu na 2025 hukumar ta dakatar da shirye-shirye masu dogon zango guda 22, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa, bisa dalilin cewa ana sakinsu ba tare da an kawo mata ta duba ba. Amma fa a sani, almakashin hukuma yankewa yake yi, ba ya ɗinki. Hukuma tana iya cire rawa, ba ta iya sa wa labari ma'ana. Bugu da ƙari, hukumar da ke zaune a Kano ba ta da iko a kan abin da yaro ke kallo a wayarsa cikin dare a Jekadafari ko Bolari ko Pantami, balle finafinan Indiya da ake juyawa zuwa Hausa da na sauran ƙasashe da ke kwararowa ba shamaki. Tacewar da za ta yi aiki a nan ita ce wadda ke cikin kan mai kallo.

An ga illar rashin wannan tattaunawa a 2016, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta yi niyyar gina ƙauyen shirya finafinai a Ƙofa, cikin ƙaramar hukumar Bebeji ta Jihar Kano. Malamai da jama'a da dama suka tashi tsaye suka ƙi, aka janye shirin. Ko mutum yana goyon bayan janyewar ko ba ya yi, abu guda ya fito fili: ɓangare ɗaya na cewa fim ɓarna ne, ɗaya na cewa fim sana'a ce, aka rasa masu cewa ga fim mai kyau, ga marar kyau, ga kuma dalili. Da a ce shekara da shekaru ana irin wannan bambancewa a majalisu da makarantu, da an sami wurin haɗuwa.

To, me ya kamata mai kallo ya tambaya idan ya tashi daga kallo? Da farko ya tambayi kansa ko ya san mutanen da aka nuna masa. Yawancin finafinai suna faruwa ne a cikin manyan gidaje masu bene, inda ba a ganin kowa yana aiki amma kuɗi ba sa ƙarewa, matsalar duniya duka kuwa ba ta wuce saurayi ɗaya da 'yan mata biyu ba. Ina manomi, ina malamin firamare da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata, ina matar da ke ɗaukar ɗawainiyar marayu da sana'ar ƙosai? Abin da ya sa Daɗin Kowa ya shiga zukatan jama'a shi ne ya nuna gari irin wanda kowa ya sani, da almajiransa da 'yan gudun hijirarsa da masu shaye-shayensa. Kwana Casa'in kuma, da aka fara a 2019, ya ƙirƙiri jiha mai suna Alfawa ya nuna yadda ake cinikin ƙuri'a da yadda asibitin talaka ke lalacewa. Irin waɗannan sun cancanci a zauna a yi musu a kansu, a yabi inda suka dace, a kuma faɗi inda suka ja labari ya yi tsawo don kawai a ƙara mako.

Sai kuma ya tambaya ko abin da ya faru a labarin yana bin hankali. Idan talaka ya wayi gari attajiri ba tare da an nuna yadda aka yi ba, me aka koya wa saurayin da ke zaune ba aiki? Idan kowace matsala sai boka ko hatsarin mota ke warware ta, marubucin ya gudu ne daga aikinsa. Daɗin daɗawa ya saurari harshen. Akwai finafinan da a cikinsu alamar wayewa ita ce a cusa Turanci a kowace jimla, alamar ƙauyanci kuwa ita ce a yi Hausa tsantsa. Yara suna ji, suna kuma ɗauka. Abin mamaki shi ne a waje harshen gida ne ke da daraja: a 2019 masu gasar Oscar a Amurka sun ƙi karɓar fim ɗin Lionheart da Nijeriya ta aika, saboda Turanci ya rinjaya a cikinsa. Finafinan da aka zaɓa don wakiltar ƙasar bayan haka sun haɗa da The Milkmaid a 2020 da Mai Martaba a 2024, dukansu kuwa da Hausa aka yi su. Ba su kai ga lashe gasar ba, amma sun nuna cewa Hausa ba ta gaza ɗaukar babban labari ba.

Mutumin Gombe yana da wata tambaya ta musamman da ya kamata ya riƙa yi: yaushe za a ga ƙasarsa a fim? Garin Daɗin Kowa na talabijin ƙirƙirarre ne, amma akwai Daɗin Kowa na gaske a Yamaltu-Deba, da madatsar ruwansa a kan kogin Gongola da manoman rani da masunta. Akwai tarihin Buba Yero da kafuwar masarautar Gombe. Akwai Bormi, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada a hannun sojojin Ingila a watan Yuli na 1903, labarin da ya isa a yi masa fim na ƙasaita. Akwai duwatsun Tula da al'adun Tangale da Waja da Tera da Fulani da Bolawa, da zaman tare na Musulmi da Kirista a gari ɗaya. Jihar kuma ba ta rasa 'ya'ya a sana'ar ba: ga Umar Gombe da Momee Gombe, ga Ali Nuhu wanda mahaifinsa mutumin Balanga ne, wanda aka naɗa shugaban Hukumar Finafinai ta Nijeriya a watan Janairu na 2024. Amma ba wanda zai zuba kuɗinsa a irin waɗannan labarai muddin bai ji masu kallo suna nemansu ba.

Akwai darasi a cikin abin da ya sami fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa. Labari ne na bauta da neman ilmi da uwar da ta ƙetare hamada tana neman ɗanta. Wannan babban aiki ya ɓace daga idon jama'a shekaru da yawa, har sai da aka gano shi a ma'ajiyar Hukumar Finafinai, aka gyara shi a Jamus, aka nuna shi a bikin finafinai na birnin Berlin a 2018. Turawa suka zauna suka kalla suka yi rubutu a kansa, alhali mafi yawan samarin Arewa ko sunansa ba su taɓa ji ba. Abin da ba a zancensa, ba a rubuta komai a kansa, ƙarshensa ƙura ce.

Saboda haka gyaran ba ya bukatar doka ko kasafin kuɗi. Gidajen rediyon Gombe suna iya ware rabin sa'a a mako don a tattauna fim guda, a gayyato malami da tela da uwar gida, da sharaɗin kowa ya kalla tukuna, kuma ba za a taɓa rayuwar ɗan wasa ba. Malaman Hausa a makarantun sakandare da Jami'ar Jihar Gombe da ta Tarayya da ke Kashere suna iya sa ɗalibai su rubuta shafi guda a kan shirin da suka gani, kamar yadda ake sa su sharhin littafi. Mafi muhimmanci kuma, uba ya daina yin kamar bai san abin da ake kallo a gidansa ba. Ya zauna da iyalinsa su kalla tare, in an gama ya tambayi ɗansa, "Kai a ganinka, abin da wancan ya yi wa mahaifiyarsa daidai ne?" Ya saurari amsar kafin ya faɗi tasa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, yaron da ya saba auna abin da ya gani a fim kuwa zai auna abin da ɗan siyasa ya gaya masa, da jita-jitar da aka turo masa ta waya.

Su kuma masu shirya finafinai, kada su ɗauki mai gaya musu gaskiya a matsayin abokin gaba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Dubban matasa ne ke cin abinci a wannan sana'a, daga marubuta da masu ɗaukar hoto har masu ɗinki da masu dafa abinci, kuma abincinsu ba zai ɗore ba sai aikin ya inganta.

Majalisar mai shayi ta Jekadafari za ta sake cika yau da dare, za a kuma sake ɗauko zancen fim. Abin da ake roƙo kaɗan ne: wanda bai kalla ba ya saurara, wanda ya kalla ya faɗi dalilinsa, a bar mutuncin mutane a inda yake. Allah Ya sa a gane.